Jagoran Direba da Cunkoson Titunan Birni: Nazari Ta Hanyar Lissafi

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Wannan magana tana nan daram muddin matambayin shi kaɗai ne, domin amsar da aka ba shi ba za ta sauya kamannin hanyar da ya tambaya ba. To, amma ina labari idan mutum dubu suka yi tambaya guda a lokaci guda, aka kuma ba su amsa guda? Idan aka ce da su duka hanyar gabas babu kowa, kafin na bayansu ya ƙarasa hanyar gabas ta cika maƙil, amsar da take gaskiya ɗazu ta koma ƙarya yanzu. Wannan ita ce matsalar da masana harkar sufuri suka daɗe suna fama da ita game da abin da za mu kira jagoran hanya, wato duk wata kafa da take gaya wa direba halin da tituna suke ciki a daidai lokacin da yake tuƙi, ko manhajar wayar hannu ce, ko allon lantarki na bakin titi, ko kuwa sanarwar gidan rediyo.

Manufar wannan rubutu ita ce bayyana yadda masana suke amfani da lissafi don gano tasirin irin wannan jagora a kan zirga-zirgar motoci cikin birni. Ba a iya ɗaukar birni sukutum a yi gwaji da shi, saboda haka sai a gina samfurinsa. Abin nufi da samfuri a nan shi ne kwatancin birnin da aka tsara da lambobi da ƙa'idoji, kamar yadda magini yake zana gida a ƙasa kafin ya haƙa harsashi. Misalan lambobi da mai karatu zai ci karo da su a ƙasa an ƙirƙire su ne don sauƙaƙa bayani, kuma kowa yana iya bin lissafinsu da alƙalami da takarda.

2.0 Yadda Ake Siffanta Titi da Lissafi

Mai gina samfuri yana kallon titunan birni tamkar komar masunta. Kowace mahaɗa ko shataletale ƙulli ne, kowane yankin titi da ke tsakanin mahaɗa biyu kuwa zare ne. Ga kowane zare sai a rubuta tsawonsa, da gudun da mota kan yi a kansa idan babu kowa, da kuma yawan motocin da zai iya wucewa da su cikin awa guda. Wannan na ƙarshe shi ne ƙarfin titi. Alal misali, idan kowace mota tana bin ta gabanta da ratar sakan 2, to layi guda zai wuce da mota 1,800 a awa. Idan kuwa akwai danja a bakin mahaɗar, wadda take ba layin hannu na sakan 30 kacal cikin kowane sakan 90, ƙarfin ya koma mota 600. Duk motar da ta ƙaru a kan wannan adadi sai ta shiga layin jira.

Tun a 1935 wani injiniya Ba'amurke, Bruce Greenshields, ya auna ya nuna cewa gudun motoci yana raguwa gwargwadon yadda suka matsu a kan titi. A 1964 hukumar hanyoyi ta Amurka ta fitar da wata ƙa'ida da masu tsara birane suke amfani da ita har yau. Bisa wannan ƙa'ida, tafiyar minti 10 takan zama minti 11 da rabi idan motoci suka kai ƙarfin titin, amma idan suka ninka ƙarfinsa sau biyu sai ta zama minti 34. Ke nan cunkoso ba ya ƙaruwa sannu a hankali. Titi yakan jure har zuwa wani mataki, daga nan sai al'amari ya rincaɓe gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ne cewa cunkoso yana tafiya. A 1955 wasu masana lissafi biyu a Ingila, Lighthill da Whitham, suka kwatanta tafiyar motoci da tafiyar ambaliya a dogon kogi, suka nuna cewa idan an sami cikas a gaba, igiyar tsayawa takan yi ta komowa baya, mota bayan mota. An tabbatar da haka ƙiri-ƙiri a wani gwaji da aka wallafa a Japan a 2008, inda aka sa motoci 22 su yi ta zagaya wani da'irar titi mai tsawon mita 230 da gudu guda. Babu danja, babu hatsari, amma ba a daɗe ba cunkoso ya kunno kai, yana kuma ja da baya alhali motocin suna yin gaba. Muhimmancin wannan ga batunmu shi ne, layin jiran da ya taru a wani ƙulli yana iya toshe ƙullin da ke bayansa, har ya tare waɗanda ba su da wata hulɗa da wurin da cikas ɗin ya faru.

3.0 Yadda Direbobi Suke Rarraba Kansu

Sanin titi kaɗai bai wadatar ba, sai an san yadda mutane suke zaɓen hanya. A 1952 John Wardrop, wani mai bincike a cibiyar nazarin hanyoyi ta Ingila, ya shimfiɗa ƙa'idoji biyu. Ta farko ta ce idan kowane direba yana neman hanyar da ta fi masa sauri, za a kai ga wani daidaito inda duk hanyoyin da ake bi suke cin lokaci guda, ba kuma wanda zai ƙaru da komai idan ya sauya shi kaɗai. Wannan shi ne daidaiton son kai. Ta biyu kuwa ita ce rabon da zai sa jimillar lokacin da kowa da kowa ya ɓata ta zama mafi ƙanƙanta. Wannan shi ne daidaiton maslahar jama'a. Abin lura shi ne, su biyun ba kasafai suke haɗuwa ba, kuma tun a 1920 masanin tattalin arziki A. C. Pigou ya hango haka.

Bari mu ɗauki misali. Motoci 1,000 za su tashi daga wata unguwa zuwa kasuwa, hanyoyi kuma biyu ne. Ta farko doguwa ce mai faɗi, tana cin minti 30 komai yawan motoci. Ta biyu gajeriya ce matsattsa, tana cin minti 10 idan babu kowa, amma duk mota 50 da suka shiga sai ta ƙara minti 1. Idan kowa ya san halin da ake ciki sarai, kowa gajeriyar zai nufa, domin muddin motocin cikinta ba su kai 1,000 ba, ta fi doguwar sauri. Ƙarshenta duka su dunguma cikinta, kowa ya ɓata minti 30, jimilla minti 30,000. Da a ce an raba su biyu, 500 nan 500 can, da na gajeriyar sun isa cikin minti 20, na doguwar cikin minti 30, jimilla minti 25,000. Babu wanda ya yi asara, rabin mutanen kuma sun sami rarar minti 10.

Dalilin wannan giɓi shi ne, direban da ya shiga matsattsiyar hanya lokacinsa kawai yake lissafawa, ba ya lissafa ɗan jinkirin da shigarsa ta jawo wa duk waɗanda ke bayansa. A 2002 Tim Roughgarden da Éva Tardos suka tabbatar da cewa a saƙar tituna inda jinkiri yake ƙaruwa daidai-wa-daida da yawan motoci, asarar son kai ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku a kan mafi kyawun rabo. Inda jinkiri yake hauhawa fiye da haka kuwa, asarar tana iya zarce wannan iyaka. Darasin farko ke nan: cikakken labari yana kai jama'a ga daidaiton son kai ne, ba lalle ya kai su ga maslaharsu ba.

4.0 Taƙaitaccen Tarihin Jagoran Hanya

Tunanin shiryar da direba ta na'ura ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. An fara gwada shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan Japan ta ƙaddamar da nata shirin a 1973, ta gwada shi a wani yanki na birnin Tokiyo. A ƙarshen shekarun 1980 aka yi wani gwaji a Balin ta Yamma, inda aka kakkafa na'urori a jikin danjoji suna musayar bayani da motocin da aka sa wa kayan aikin. A 1992 aka gwada wani tsari mai suna TravTek da motoci 100 a birnin Orlando na Amurka, a 1996 kuma Japan ta buɗe tsarin VICS, wanda yake aika labarin cunkoso kai tsaye zuwa allon cikin mota.

Abubuwa biyu ne suka fitar da jagora daga hannun 'yan ƙalilan zuwa hannun kowa. Na farko, a watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar taurarin ɗan'adam na GPS da gangan, sai na'urar farar hula ta iya gane wurin da take da ɗan kuskuren mitoci kaɗan. Na biyu shi ne yaɗuwar wayoyin hannu masu intanet. Google Maps ta fito a 2005, ta fara nuna cunkoso a 2007, a 2013 kuma kamfanin Google ya sayi manhajar Waze. A wannan sabon tsari wayar direba tana aiki biyu: tana karɓar labari, tana kuma bayar da shi, domin da gudun wayoyin da ke kan titi ake gane ko titin ya cushe. Wani mai fasaha a Balin, Simon Weckert, ya nuna raunin wannan dabara a 2020, da ya zuba wayoyi 99 cikin ɗan kura ya riƙa ja a hankali a kan titin da babu kowa, taswira kuwa ta nuna titin ya cushe.

Bambancin da ke tsakanin motoci 100 na Orlando da miliyoyin wayoyin yau ya wuce na adadi. Mota 100 cikin babban birni ba su isa su sauya halin titi ba, saboda haka duk abin da jagora ya gaya musu haka za su tarar. Da masu bin jagora suka yi yawa, sai shawarar kanta ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suke haddasa cunkoso.

5.0 Shigar da Jagora Cikin Samfuri

Ƙa'idojin Wardrop suna bayanin inda al'amari zai tsaya ne bayan an daɗe ana bin hanya. Jagora kuwa da minti-minti yake aiki, don haka sai da aka gina samfurori masu tafiya da lokaci, inda kwamfuta take kwaikwayon motsin motoci daga sakan zuwa sakan. Daga cikinsu akwai DYNASMART, wanda Hani Mahmassani da abokan aikinsa suka fara a Jami'ar Tekzas, da DynaMIT na Moshe Ben-Akiva da jama'arsa a jami'ar MIT, dukansu a shekarun 1990, sai kuma SUMO, wanda cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta fara a 2001, kowa kuma yana iya samunsa kyauta. A irin wannan samfuri akan kasa direbobi gida biyu, masu jagora da marasa shi, sa'an nan a riƙa jujjuya abubuwa huɗu ana duba sakamako: yawan masu jagora, da yawan masu bin shawararsa a cikinsu, da tsufan labarin da ake ba su, da kuma girman rarar da za ta sa direba ya bar hanyar da ya saba.

Ga misali na biyu. Hanyoyi biyu ne iri ɗaya, kowacce tana cin minti 10, da ƙarin minti 1 ga kowace mota 50. Saboda sabo, motoci 700 suna bin ta farko, 300 suna bin ta biyu. Na farkon suna ɓata minti 24, na biyun minti 16. Sai jagora ya sanar cewa ta biyu ta fi sauri. Idan mota 200 suka karɓi shawarar, an koma 500 da 500, kowa minti 20, jama'a sun ci riba. Idan 400 suka karɓa, an koma 300 da 700, wato cunkoson ya sauya gida ne kurum, ba a ƙaru da komai ba. Idan kuwa duka 700 ɗin suka karɓa, motoci 1,000 sun taru a hanya guda, kowa minti 30, ga ɗayar hanyar fayau babu kowa. Bayan ɗan lokaci jagora zai lura cewa ta farko ta zama wayam, ya sake tura kowa can, a yi ta safa da marwa tsakanin hanyoyin biyu. An gudu ba a tsira ba ke nan. Shawarar ɗaya ce a duka matakan uku, yawan masu bin ta ne ya mai da ita alheri ko sharri.

A 1991 Ben-Akiva da André de Palma da Isam Kaysi suka ƙididdige illoli uku da jagora zai iya haifarwa. Ta farko ita ce yawan bayani, inda direba zai ruɗe ya kasa yanke shawara mai kyau. Ta biyu ita ce wuce gona da iri, wato abin da muka gani a misalin sama, inda mutane da yawa suke amsa labari guda a lokaci guda. Ta uku ita ce tattaruwa. Kafin zuwan jagora kowane direba da irin saninsa da irin zatonsa, wannan saɓani kuwa shi yake warwatsa motoci a hanyoyi daban-daban. Da jagora ya daidaita sanin kowa, sai zaɓin kowa ya zama ɗaya. A wannan shekarar dai Mahmassani da R. Jayakrishnan suka kwaikwayi zirga-zirgar safiya a kwamfuta, suka ga cewa idan masu jagora suka yi yawa, kuma kowannensu yana sauya hanya saboda 'yar rara komai ƙanƙantarta, amfanin jagoran yakan zube. Sakamako ya fi kyau idan direbobi ba sa sauyawa sai rarar ta taka kara ta karya. Ashe karin maganar da ta ce sauri ya haifi nawa tana da gindin zama a lissafi.

6.0 Lungun da Jagora Ya Tona

Akwai wata illa da ta fi waɗannan ban mamaki. A 1968 wani masanin lissafi Bajamushe, Dietrich Braess, ya nuna cewa ƙara sabon titi yana iya tsawaita tafiyar kowa. Mu sake ɗaukar motocinmu 1,000. Hanyar arewa tana farawa da matsattsen yanki mai cin minti 1 ga kowace mota 50, sa'an nan ta ƙare da faffaɗan yanki mai cin minti 25. Hanyar kudu kuwa akasin haka ce, faffaɗan ne a farko, matsattsen a ƙarshe. Motoci za su rabu 500 da 500, kowa ya ɓata minti 10 a matsattse da 25 a faffaɗa, jimilla 35. To, a ce akwai wani ɗan gajeren lungu a tsakiya, wanda ya haɗa ƙarshen matsattsen arewa da farkon matsattsen kudu. Matsattsen yanki ko ya cika ba ya wuce minti 20, saboda haka kullum ya fi faffaɗan sauri a idon direba. Kowa sai ya bi matsattse, ya ratsa lungu, ya sake shiga matsattse: minti 20 da minti 20, jimilla 40. Wanda ya ce zai koma tsohuwar hanya kuwa minti 45 zai ɓata, don haka babu mai komawa.

Dangantakar wannan da jagora a fili take. Lungun da direba bai sani ba, a wurinsa tamkar babu shi ne. Ran da manhaja ta nuna masa shi, daidai yake da an gina sabon titi ba tare da an zuba ko kwandon tsakuwa ba. Daron Acemoglu da abokan aikinsa sun tabbatar da haka ta lissafi a 2018, inda suka nuna cewa a wasu saƙoƙin tituna, sanar da wani rukunin direbobi ƙarin hanyoyi yana iya tsawaita tafiyar su kansu waɗanda aka sanar ɗin.

Bugu da ƙari, lungu ba kango ba ne, da mutane a cikinsa. Garin Leonia ƙaramin gari ne a Amurka, kusa da babbar gadar George Washington mai shiga birnin Niyok. Manhajoji sun riƙa karkato masu gudun cunkoson babbar hanya zuwa cikin unguwanninsa, har mazauna suka riƙa shan wahalar fitar da motocinsu daga gida. A watan Janairu na 2018 hukumar garin ta rufe tituna kimanin 60 ga baƙi a lokutan cunkoso, ta sa tarar dala 200, amma kotu ta soke dokar a cikin shekarar. Samfurin da minti kawai yake ƙirgawa ba zai ga hayaƙi da ƙara da haɗarin da yaran unguwa suka shiga ba. Wajibi ne mai gina samfuri ya sa wa waɗannan abubuwa nauyi a lissafinsa, in ba haka ba zai kira abu riba alhali asarar wasu ce aka ɓoye.

7.0 Dabarun Gyara

Masana sun bi hanyoyi uku don magance waɗannan illoli. Ta farko ita ce hasashe. Maimakon a gaya wa direba yadda titi yake yanzu, sai a gaya masa yadda zai kasance lokacin da zai isa. Sai dai hasashen dole ya ƙunshi martanin waɗanda za su ji shi. Kwamfuta takan tsara shawara, ta kwaikwayi yadda direbobi za su amsa ta, ta duba ko sakamakon ya yi daidai da abin da shawarar ta faɗa. Idan bai yi ba ta gyara ta sake gwadawa, har sai an sami shawarar da za ta ci gaba da zama gaskiya bayan an bi ta. A kan wannan tushe aka gina DynaMIT, kuma akan maimaita lissafin duk bayan 'yan mintoci saboda sabon labarin da yake shigowa.

Ta biyu ita ce rarraba shawara, wato a ba mutane mabambanta hanyoyi mabambanta. A misalinmu na biyu wannan ba shi da wuya, domin idan an tura 200 kawai kowa zai isa cikin minti 20. A misali na farko kuwa akwai ƙura, domin mafi kyawun rabo yana bukatar mutum 500 su ɓata minti 30 alhali maƙwabtansu suna isa cikin minti 20. Direban da ya gane an sadaukar da shi zai daina yarda da jagoran, ko ya koma ga manhajar wani kamfani. Jagora kuwa jarinsa amana ce, ran da aka daina yarda da shi aikinsa ya ƙare. Saboda haka aka ɓullo da tsaka-tsaki: a nemi maslahar jama'a, amma da sharaɗin kada a ɗora kowa a hanyar da ta zarce mafi gajartar hanyarsa da fiye da wani ɗan kaso da aka ƙayyade.

Ta uku ita ce wadda Pigou ya nuna tun farko, wato a sa direba ya biya kuɗin jinkirin da yake jawo wa wasu. Singafo ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar birni a 1975, ta mai da tsarin na lantarki a 1998, Landan kuma ta bi sahu a 2003. A misalinmu na farko, idan aka sa wa gajeriyar hanya kuɗin da darajarsa ta kai ta minti 10, motoci da kansu za su rabu 500 da 500 ba tare da an yaudari kowa ba.

8.0 Abin da Ya Shafi Garuruwanmu

Jagoran hanya ya riga ya iso gare mu. Masu wayoyin zamani suna amfani da shi a Kano da Kaduna da Abuja, Jihar Legas kuma ta buɗe gidan rediyo na musamman don labarin cunkoso a 2012. Sai dai samfurorin da muka ambata an gina su ne bisa titunan da motoci suke bin layi, suke kuma tsayawa a wuraren da aka keɓe. A Kano, tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, A Daidaita Sahu ne ya zama abin hawan talaka, shi kuwa yana tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Ga masu tura kura, ga 'yan tireda a bakin kwalta, ga manyan motoci masu sauke kaya a kewayen kasuwar Singa da Kantin Kwari. Ƙarfin titi a irin waɗannan wurare yana sauyawa daga awa zuwa awa. Haka nan rufe tituna don sallar Juma'a ko hawan salla yana da lokacinsa sananne, wanda ya kamata samfuri ya sani tun kafin wayoyi su nuna alama.

Akwai kuma batun wanda ake ƙirgawa. Manhaja tana ganin masu wayar intanet ne kawai, ba ta ganin mai keke da mai tafiya a ƙasa da ɗan makarantar allo. Lungunan cikin birni da na sababbin unguwanni, waɗanda a taswira suke kama da hanyar tsira, su ne filin wasan yara da wurin zaman makoki da na biki. Duk wanda zai gina samfurin birni irin Kano sai ya fita ya ƙirga abin da yake kan titi da idonsa, ya kuma tambayi direbobin haya, waɗanda suka daɗe suna yi wa juna jagora da fitila da alamar hannu.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa jagoran hanya ya bambanta da mai hasashen yanayi. Wanda ya ce za a yi ruwa gobe, maganarsa ba ta ƙara wa hadari komai, amma wanda ya ce titi kaza babu kowa, maganarsa ce za ta cika shi. Saboda haka samfurin da zai auna amfanin jagora dole ya haɗa abu uku a zagaye guda: titi, da labari, da martanin direba. Lissafi ya nuna cewa jagora yana da amfani ƙwarai idan cikas ya auku ba zato, kamar hatsari ko ambaliya, akwai kuma wata hanya mai sauran ƙarfi da za a karkata zuwa gare ta. Amfaninsa yana raguwa idan masu binsa suka yi yawa, labarin ya tsufa, aka kuma ba kowa shawara guda. Inda dukan tituna suka cika kuwa, jagora ba shi da inda zai tura kowa, domin idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A nan magani ya koma ga rage yawan motocin kansu, ta hanyar manyan motocin haya da jiragen ƙasa na cikin gari da rarraba lokutan tashi aiki. Tambayar da ta rage ga hukumomin birane da kamfanonin manhaja ita ce, wa jagoran yake yi wa aiki: direban da ke riƙe da wayar, ko birnin da motarsa take ratsawa?